Yadda za ka gwada a gida ka ga abin da zafi ke sa ganyen bishiya ya fitar

Duk wanda ya taɓa zama ƙarƙashin bishiyar turare da azahar a watan Afrilu ya san ƙamshin nan mai kama da man zafi da ke dukan hanci, amma ka dawo wurin da asuba lokacin hunturu sai ka ji shiru kamar ba ita ba. Ganye yana sakin wasu sinadarai da ke tashi su bi iska, kuma yawan abin da yake saki yana tafiya ne da zafin da ke jikinsa. Wannan ba sai ka shiga lab, wato ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, na Jami'ar Bayero ba, a tsakar gida ni da ƙannena muka gwada, ga yadda ake yi.

Ka nemo kwalba uku masu murfi, irin ta Bama ɗin nan, a wanke su sosai a shanya har warin ya fita tas, in ba haka ba mayonis za ka yi ta shaƙa kana cewa kimiyya kake. Sai robar wanki uku, farar leda wadda ake ganin ciki, da tamometa, wato ma'aunin zafi. Ta kemis da ake sawa a hammata ba za ta yi ba, iyakarta zafin jikin mutum ne, tana kaiwa 42 ta tsaya. In akwai bindigar nan ta auna zafi da ta yi yayi lokacin korona to ita ce daidai, amma ka juya ta zuwa awon jikin abu, in ka bar ta a awon mutum ƙarya za ta yi ta ba ka.

Ganye kuma ka haɗa iri biyu. Na masu kaɗe ganye da rani, wato dashi da ake shinge da shi, ararrabi in ka samu, da kuka. Sai na waɗanda ba sa tuɓewa kamar turare da lemon tsami don ka samu abin kwatantawa. Ka yanko da reza daga tushen ganyen, kar ka murza kar ka yaga. Ganyen da aka ji wa rauni wani wari daban yake fitarwa nan take, irin wanda kake ji in ana yankan ciyawa, wannan kukan ciwo ne ba aikin zafi ba, kuma zai ɓata maka gwajin gaba ɗaya.

Yanzu ka zuba ganye iri ɗaya, adadi ɗaya a kowace kwalba, misali goma goma, ka rufe. Roba ta farko ruwan randa da 'yar ƙanƙara har ya sauka wajen digiri 20, ta biyu 30, ta uku ka surka da ruwan zafi ya kai 40. Ka tsoma kwalaben ka ba su kamar minti 20, kana dubawa kana ƙara ruwa don kar zafin ya gudu. Wajen shaƙa ka fara da mai sanyin, ka ɗan fita ka sha iska kafin ka buɗe ta gaba domin hanci saurin sabawa gare shi. Mafi kyau ma ka rufe wa wani ido ka miƙa masa bai san wacce ce ba. Autarmu muka sa, da ta zo kan ta 40 ta turare sai da ta ja da baya ta ce yaya wannan ai har ido yake shiga.

Abin da hancinka ya kama sunansa monotafin, wasu mayuka ne da bishiya ke ajiyewa a 'yan ƙananan jakunkuna cikin ganye ko ɓawo. In ka ɗaga ganyen lemon tsami saitin rana za ka ga ɗige ɗige masu haske, to su ne rumbun. Zafi yana ƙaruwa suna ƙara tururi. Lissafin da Alex Guenther da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 1993, wanda har yau ake amfani da shi, ya nuna duk ƙarin digiri 1 fitar na ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100. Ka ga kamar ba yawa ko? To ai hawa yake kan hawa, digiri 10 ya zama ninki biyu da rabi, daga 20 zuwa 40 kuwa wajen ninki 6. Kuma su ba ruwansu da haske, ko da daddare in garin ya ɗau zafi suna fita.

Kwalbar kuka za ta ba ka haushi, ɗan warin ɗanyen ganye kawai za ka ji. Kar ka yanke hukunci da wannan. Hanci rabin labarin yake ji, domin sinadarin da bishiyoyi suka fi fitarwa a duniya, aisofirin, ba ka jin sa a ɗan adadin da yake fita, sai da na'urar lab ake kama shi. Tsirrai na sakin wajen tan miliyan 500 nasa duk shekara, kuma manyan masu aikin a ƙasashen sanyi masu kaɗe ganye ne irin su bishiyoyin ok da fofla. A namu nan turare na ciki, haka da yawa daga dangin ɓaure. Wani masani ɗan ƙasar Jojiya, Guivi Sanadze, shi ya fara gano ganye na fitar da shi tun 1957. Shi aisofirin ba a ajiye shi, nan take ganye ke ƙera shi daga abincin da yake haɗawa da hasken rana, shi ya sa rana na faɗuwa yake ɗaukewa. A digiri 34 yake tafasa, ka ga a zafin Kano ba shi da wurin zama. Yana hawa da zafi da sauri har zuwa wajen 40, daga nan sai ya juyo ƙasa saboda injin da ke ƙera shi a cikin ganyen ya fara gazawa. Masana da dama na ganin ganye na yin sa ne don ya kare kansa daga bugun zafi, kamar dai yadda kake watsa ruwa a ka.

Gwaji na biyu a jikin bishiyar ake yi. Ka zura reshe mai ganye cikin farar leda ka ɗaure bakin sako sako, bayan minti 10 ka kwance ka shaƙa, ka harba bindigar a ganyen ka rubuta zafin. Ka yi da ƙarfe 7 na safe, da 2 na rana, da bayan isha'i. Zafin ganyen za ka rubuta ba wanda wayarka ta ce ba, ganyen da rana ke duka yakan fi iska zafi da digiri da dama, balle in bishiyar na jin ƙishi ta rufe ƙofofin da take zufa ta ciki. Ka hura wata ledar ka ɗaure ba komai a ciki ka rataye kusa, saboda ita ma leda in ta sha rana warinta take. Kuma dan Allah minti 10 ɗin nan ka kiyaye, ni na tafi sallar azahar na bar tawa a reshen lemon gidanmu, na dawo na tarar ganyen ya dahu ya yi baƙi kamar an turara, ga maƙwabcinmu tsaye yana leƙe ta katanga yana tambaya wai malam lafiya ake ɗaure wa bishiya leda.

Lokacin shekara ma ka lura da shi, nan ne namu ya bambanta da na Turai. Can zafi da ganye tare suke zuwa. Mu kuwa Maris da Afrilu da gari ke kaiwa 40, kuka tsirara take, dashi ma haka, babu ganyen da zai fitar da komai sai ɓawo da ƙaro. Sai gab da damina suke tohowa, kuma sabon ganye ba ya fara aisofirin sai ya ƙosa, in ya tsufa zai faɗi kuma ya rage. Don haka gwajin masu kaɗe ganye ka bari sai damina ta zauna zuwa kaka. Gawo ne ɗan tawaye, da damina yake zubar da ganye ya yi kore shar da rani, shi da bazara za ka neme shi.

To ina amfanin sanin? Su sinadaran nan su kaɗai ba matsala ba ne, a daji ma su ne ke yin shuɗin hazon da ake gani kan duwatsu masu bishiyar turare a Ostireliya. Rigimar tana farawa ne in sun haɗu da hayaƙin mota da janareto rana kuma ta buga, sai su haifar da iskar ozon a ƙasa ƙasa inda muke numfashi, mai tayar da asma da sa tari. Binciken da aka yi kan birnin Atlanta na Amurka a 1988 ya nuna ba a lissafin wannan iska a bar bishiyoyi a gefe. Ka tuna cunkoson adaidaita sahu a Bata ko Ƙofar Nassarawa da rana tsaka ka gane me nake nufi.

Saboda haka in dashe za ka yi a bakin babban titi ko kusa da inda ake tayar da janareto kullum, kar ka jera turare zalla, ka gauraya iri iri, turaren ka kai shi gona ko bayan gari. Wadda ke tsaye kuma kar wani ya ce na ce a sare, inuwarta na sauke zafin unguwa, hayaƙin shi ne abin ragewa. Ka riƙa ba ta ruwa da yamma lokacin bazara, ko na alwala da na wanke kayan miya ka tara a bokiti, ka baza busasshen ganye a gindinta don damshin ya daɗe, ganyen da ke samun ruwa yana zufa ya sanyaya kansa. Bayan sati ɗaya kana ban ruwan ka sake harba bindigar da ƙarfe 2 ka kwatanta da lambar da ka rubuta a baya.