Yadda ake zaɓen ingantaccen shokozoban gaba ga babur ɗin hawa kan titi

Mafi yawan masu babur da suke sha'awar sauya shokozoban gaba sukan fara ne da duba sunan kamfani da kaurin ƙarfe, alhali abin da ya kamata su fara tantancewa shi ne ainihin laifin da wanda yake jikin babur ɗin yake yi. Idan gaban babur yana nutsewa da yawa duk lokacin da aka kama birki, matsalar dabam ce da ta wanda yake dukan hannu idan taya ta faɗa rami, kuma dukansu dabam suke da ta wanda yake lilo bayan an fita daga kwana. Kowanne yana da maganinsa, kuma sau da yawa maganin bai kai ga sayen sababbin ƙafafun gaba, wato bututan nan biyu da suke riƙe da tayar gaba, ɗungurungum ba.

A cikin kowace ƙafa akwai abubuwa biyu masu aiki dabam. Sifirin shi ne yake ɗaukar nauyin babur da na mahayi, shi kuwa mai, wanda ake tilasta wa bi ta ƙananan hanyoyi, shi ne yake rage saurin shiga da saurin dawowar ƙafar don kada babur ya riƙa tsalle. Wannan tsari ya daɗe, domin tun a 1935 kamfanin BMW ya fitar da babur ƙirar R12 mai irin waɗannan ƙafafu masu aiki da mai. Wanda bai rarrabe aikin sifirin da aikin mai ba zai yi ta kashe kuɗi a kan abin da ba shi ne ya lalace ba.

Matakin farko shi ne awo, kuma a ganina babu wanda ya cancanci ya sayi komai kafin ya yi shi. A ɗaga gaban babur har taya ta bar ƙasa, a auna tsawon bututun da yake shiga da fita, a rubuta. Daga nan a sauke shi, mahayi ya hau da hular kwanonsa da duk kayan da yake sawa idan zai yi tafiya, ya ɗora ƙafafunsa a inda suke zama, wani ya riƙe masa babur ɗin a tsaye, a sake aunawa. Saboda robobin da suke tare mai suna ɗan riƙe bututun, ya fi kyau a auna sau biyu: a danna gaban a sake shi a hankali a auna, sannan a ɗan ɗaga shi a sake shi a hankali a auna, a ɗauki tsakiyar adadin biyu. Bambancin da ke tsakanin awon farko da wannan shi ne nutsewar babur da mahayi a kai. Ga babur ɗin titi wanda ƙafafunsa suke tafiyar kusan milimita 120, ana son nutsewar ta tsaya tsakanin milimita 30 zuwa 35, wato daga kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na tafiyar gaba ɗaya. Idan ta wuce haka nesa, sifirin ya yi wa mahayin laushi. Akwai notin da ke saman wasu ƙafafun wanda ake juyawa a ƙara matse sifirin, amma ya kamata a fahimci cewa juya shi yana ɗaga tsayin da babur yake zama a kai ne kawai, ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi. Wanda ya ɗaure notin har ƙarshe kuma adadin bai daidaita ba, sabon sifirin yake buƙata.

Ana auna ƙarfin sifirin da kilogiram a kan kowace milimita, kuma ga manyan baburan titi adadin yakan kasance tsakanin 0.85 zuwa 1.0, gwargwadon nauyin mahayi da na babur ɗin. Masu ƙera sifirin suna da jadawali da suke haɗa nauyin mutum da ƙirar babur su fitar da adadin da ya dace, don haka a faɗi nauyin gaskiya tare da kayan hawa, a kuma ambata idan ana yawan ɗaukar wani a baya. Sabon sifirin da sabon mai su ne gyara mafi sauƙin kuɗi, kuma su ne suke warware koken mutane da dama. Game da mai, lambobin da ake rubutawa a jikin kwalba irin 5W da 10W da 15W ba su da ma'auni guda a tsakanin kamfanoni, ta yadda 10W na wani kamfani zai iya fin na wani kauri sosai. Abin dogaro shi ne adadin kaurin man a zafin digiri 40 na ma'aunin Celsius, wanda ake samu a takardar bayaninsa. Yawan man da aka zuba ma yana da tasiri, domin iskar da ta rage a samansa tana ƙara tauri a ƙarshen tafiyar ƙafar.

Idan an daidaita sifirin amma har yanzu babur yana nutsewa wajen birki kuma yana dukan hannu a kan rami, to laifin yana cikin yadda ake sarrafa mai. Baburan da ba su da tsada yawanci suna zuwa da sanda mai huda a cikin ƙafar, mai yana bi ta hudojin da girmansu ba ya canzawa. Illar wannan ita ce turjiyar tana ƙaruwa da sauri fiye da kima: idan saurin shigar ƙafar ya ninka biyu, turjiyar takan ninka kusan huɗu. Shi ya sa irin wannan ƙafa take da laushi a motsi na sannu kamar na kama birki, take kuma sandarewa idan taya ta daki abu farat ɗaya. Nau'in da ake kira katirij ya magance wannan ta hanyar amfani da fistin da siraran faya-fayan ƙarfe da aka jera, waɗanda suke lanƙwashewa su buɗe wa mai hanya daidai da ƙarfin bugun. Akwai hanyoyi biyu na samun wannan ba tare da an cire ƙafafun asali ba. Ta farko ita ce sanya ƙaramin bawul a kan sandar, irin wanda kamfanin Race Tech ya yi suna da shi, bayan an faɗaɗa hudojin sandar don bawul ɗin ya karɓi aikin. Ta biyu ita ce zura cikakken katirij daga kamfanoni irin su Öhlins na ƙasar Suwidin, wanda yake zuwa da maɓallan daidaita saurin shiga da na dawowa. Ga mai hawa kan titi kullum, ni a nan nake ba da shawarar a tsaya, domin tsawon ƙafa da birki da taya duk suna nan yadda masu ƙera babur ɗin suka tsara su.

Sauya ƙafafun gaba ɗaya aiki ne babba. Abin da yake jan mutane zuwa gare shi shi ne nau'in da aka kifa, wanda kakkauran bututu yake sama, siririn yake ƙasa kusa da taya. Ya fi jure murɗewa wajen birki mai ƙarfi, amma wannan fifiko a filin tsere ya fi bayyana, kuma idan robar mansa ta fara yoyo, man yana gangarowa kai tsaye zuwa faifan birki. Wanda ya yanke shawarar ɗauko ƙafafun wani babur, ko ƙirar kamfanin Showa ne ko na KYB, dole ya tabbatar da kaurin bututun, wanda yakan kasance milimita 41 ko 43, da kaurin wurin da maƙallan wuya biyu, waɗanda suke haɗa ƙafafun da wuyan babur, suke kamawa, domin sau da yawa sai an sauya maƙallan su ma, sannan a duba ko sandar wuyan da beyarin ɗinta za su shiga gangar jikin babur ɗin. Bayan haka akwai kaurin sandar taya, da wurin ɗaure birki, da girman faifan birki, da madigadi, da wurin zaman na'urar ABS, mai hana taya kullewa wajen birki, idan babur ɗin yana da ita. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai dace ba, aikin ya tsaya, kuma birki ba wurin dabara da ƙarfen da aka yanka da hannu ba ne.

Tsawon ƙafar shi ne abin da aka fi yin sakaci da shi. Idan aka ja layi daga wuyan babur zuwa ƙasa yana bin karkatar sandar wuyan, inda layin ya sauka yana gaban inda taya take taɓa titi, kuma wannan tazara, wadda take kusan milimita 100 a baburan titi, ita ce take sa babur ya miƙe da kansa a kan gudu. Gajeriyar ƙafa tana sunkuyar da gaba, ta rage tazarar, babur ya yi saurin juyawa amma kan ya iya fara karkarwa a kan gudu, sannan ƙasan babur ya matso kusa da titi a kwana, taya kuma tana iya taɓa injin ko ladiyeta idan ƙafar ta shige har ƙarshe. Doguwar ƙafa tana sa kai ya yi nauyi. Bambancin milimita 10 kaɗai mahayi yana jin sa a hannunsa, saboda haka a auna daga tsakiyar sandar taya zuwa saman bututu a tsohuwar ƙafar da sabuwar kafin a biya kuɗi.

Idan ƙafafun na hannu ne, a zare bututun a mirgina shi a kan shimfiɗaɗɗen gilashi don a ga ko ya lanƙwashe, a shafa farce a jikinsa don a ji tsatsa ko ƙananan ramuka da za su yaga sabuwar roba, a kuma ɗauka cewa sifirin da ke ciki an zaɓe shi ne don nauyin wani babur, ba wannan ba. Bayan an ɗaura, a ɗaure notunan maƙallan da ƙarfin da littafin babur ya ƙayyade, domin matse su fiye da kima yana danne bututu ya hana shi tafiya sumul. A sake awon nutsewa a gaba da baya, tun da gaban da aka ƙarfafa yakan tona raunin tsohon shokozoban baya, sannan a fara gwaji a hanya mara cunkoso, ana juya maɓalli ɗaya a lokaci guda, ana rubuta kowane canji da abin da aka ji bayansa.