Yadda za ka gano sunan bakteriyarka da 16S ba tare da BLAST ya ruɗe ka ba

To ɗan uwa, ka yi PCR, wato ka ninka guntun DNA ɗin ƙwayarka, ka tura samfuri an karanta maka, an dawo maka da dogon layin haruffa A, T, G, C, yanzu kana tambaya wace ƙwaya ce wannan. Abin da yawancinmu muke yi shi ne mu kwafa mu zuba a BLAST, manhajar da ke kwatanta haruffanka da waɗanda ke rumbun bayanai, mu ɗauki sunan da ya fito a sama mu rubuta a rahoto, kuma wallahi nan ne ake yawan tafka kuskure.

16S wani sashe ne na DNA, ana amfani da shi ne saboda duk bakteriya tana da shi, tsawonsa wajen haruffa 1,500, akwai wuraren da kusan ba sa canzawa inda firaima, wato gajerun guntayen DNA da ake fara PCR da su, ke kamawa, akwai kuma wurare 9 masu yawan canzawa, V1 zuwa V9, su ne ke bambanta wannan da waccan. Da irin wannan kwatancen Carl Woese da George Fox suka gano a 1977 cewa Archaea, wasu ƙwayoyi masu kama da bakteriya, rukuni ne daban. In kuma naman gwari ko yis kake aiki a kai to ITS, wani sashen DNA daban, za ka nema ka tafi rumbun UNITE.

Kafin komai buɗe fayil ɗin .ab1 da aka turo maka da sakamakon ka kalli zanen da idonka. Farkon nan, haruffa 30 zuwa 50, yawanci shirme ne, tsinin launuka sun hau kan juna, haka ma ƙarshen inda suke kwanciya, yanke su duka. In ka ga tsini biyu-biyu tun daga farko har ƙarshe to ƙwayarka ba ita kaɗai ba ce a faranti, koma ka sake tsarkake ta, babu rumbun da zai gyara maka wannan. Karatu ɗaya na Sanger, wato irin wannan hanyar karatun, yakan ba ka haruffa 700 zuwa 800 masu kyau, shi ya sa ake karantawa daga gaba da firaimar 27F, daga baya da firaimar 1492R, a haɗa su su zama ɗaya.

Yanzu sai rumbu. A shafin NCBI, inda BLAST yake, kar ka bar shi a kan babban rumbun nan na kowa da kowa, domin kowa na iya saka sikwens, wato layin haruffan nan, a can da sunan da ya ga dama, wani ma sunan kuskure ne aka kwafa daga wani kuskuren. Zaɓi na 16S ribosomal RNA, wanda galibi asalin samfuran da aka raɗa wa suna ne a ciki, ko ka gwada wani rumbun, EzBioCloud. In samfurin ƙasa ne ko ruwa ko na hanji mai dubban ƙwayoyi, da ka karanta V4 da firaimar 515F da 806R, to wannan aikin manhajar QIIME 2 ne ko mothur tare da rumbun SILVA, kuma ka rubuta lambar fitowar rumbun da ka yi amfani da ita don sunaye suna canzawa, rukunin bakteriyar Firmicutes ma ai yanzu Bacillota ake ce masa.

Wajen karanta sakamako duba abu biyu, kason sikwens ɗinka da ya hau kan nasu da kason kamanni. Kamanni 100 a kan haruffa 200 kacal ba ya nuna komai. Da can 97 cikin 100 ake ɗauka iyakar jinsi (species), yanzu wajen 98.7 ake bi, dangi (genus) kuma wajen 94.5. Amma wuce 98.7 ba ya nufin ka tabbatar, leƙa na biyu da na uku da na goma a jerin, in duk makinsu ɗaya sunayensu daban-daban to tsaya a sunan dangi kawai. E. coli da Shigella 16S ba ya raba su, haka Bacillus cereus da anthracis da thuringiensis, ka ga kuwa wannan ba ƙaramar magana ba ce in samfurin na mara lafiya ne. A irin nan sai ka ƙara da wani sashen DNA kamar gyrB ko rpoB, ko gwaje-gwajen lab, in da hali a karanta jinom ɗin, wato DNA ɗin ƙwayar, gaba ɗaya.