Yadda Ake Koyar da Ƙananan Yara Suna ta Hanyar Wasa

Idan malami ya tsaya gaban yara 'yan shekara biyar ya ce musu suna kalma ce da ake kiran mutum ko dabba ko wuri ko abu da ita, za su amsa masa da murya ɗaya, kuma kafin ya maimaita sau uku sun haddace. Amma da zarar ya dafa kujera ya tambaye su ko kalmar "kujera" suna ce, sai ajin ya yi tsit, ko kuma wani ya ɗaga hannu ya ce a'a, domin shi bai taɓa jin yaron da ake kira Kujera ba. Yaron yana da gaskiyarsa, saboda a bakin Bahaushe kalma ɗaya ce ke ɗauke da ma'anar abin da ake kiran mutum da shi da kuma wannan rukuni na nahawu. Wannan ne ya sa ya kamata a bar ma'anar ta zo daga ƙarshe, bayan yara sun taɓa abubuwa da hannunsu, sun kira su da bakinsu, sun rarraba su gida-gida.

Abin da zai kwantar wa mai koyarwa hankali shi ne yaron ya riga ya mallaki ɗaruruwan sunaye tun kafin ya shigo aji. Yawancin yara sukan furta kalmarsu ta farko wajen cikarsu shekara ɗaya, kuma kaso mai yawa na kalmomin farko sunayen mutane ne da na abubuwa. A shekarar 1982 masaniyar halayyar ɗan'adam Dedre Gentner ta kawo hujjar cewa hakan na faruwa ne domin abu kamar ƙwallo ana ganinsa a ware, yana da iyaka, ana iya nuna shi da yatsa, alhali aiki kamar jifa yana faruwa ne ya wuce. Shi ma Jean Piaget, masanin nan na ƙasar Suwizalan, ya bayyana cewa tsakanin shekara 2 zuwa 7 tunanin yaro yana jingine ne da abin da idonsa ya gani. Saboda haka aikin malami ko uwa a nan shi ne su sa yaron ya lura da abin da yake yi kullum ba tare da ya sani ba.

Kayan aikin ba su da yawa. A nemi jaka wadda ba a ganin cikinta, da faranti mai faɗi, da ƙyalle, da kwanduna biyu, sannan a tara abubuwa goma ko sha biyu waɗanda yara suka saba gani, irin su mabuɗi, cokali, hula, ƙwallo, dutse, takalmi, littafi, zare, ganye da kofi. A guji duk abu mai kaifi, kuma idan akwai 'yan ƙasa da shekara uku a wurin, kada a saka abin da zai iya shiga baki a haɗiye. Minti goma zuwa sha biyar sun isa zama ɗaya, kuma gara a tashi yara suna neman ƙari da a ja su har sun fara hamma.

A fara da darasi mai mataki uku, wanda Maria Montessori, likitar Italiya da ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a shekarar 1907, ta aro daga likitan Faransa Édouard Séguin. Mai koyarwa zai ajiye abubuwa uku kawai a gaban yaro, ya ɗauki kowanne ya faɗi sunansa a fili: "Wannan mabuɗi ne. Wannan hula ce." Daga nan sai ya shiga mataki na biyu, inda shi ne zai riƙa faɗin sunan, yaron kuma ya aikata: a ce masa ya nuna mabuɗi, ya ɗora hula a kansa, ya ɓoye dutse a bayansa, ya kai wa abokinsa littafi. A nan ne wasan yake, kuma a nan ne ya kamata a daɗe, ana sauya wa abubuwan wuri, ana ƙara sauri, ana ba da umarni mai ban dariya kamar a ɗora takalmi a kan littafi. Sai an ga yaron ba ya jinkiri sannan a ɗaga abu a tambaye shi, "Mene ne wannan?" Kuskuren da aka fi yi shi ne tsallakawa zuwa wannan tambaya tun daga farko, abin da ke mayar da wasa jarrabawa. Idan yaro ya kasa amsawa, ba sai an ce masa ya yi kuskure ba, a koma mataki na farko kawai a sake faɗa masa sunan.

Bayan wannan sai a zuba abubuwan cikin jaka, kowane yaro ya zura hannu ya laluba, ya faɗi sunan abin da ya kama kafin ya fito da shi. Wasan yana da daɗi domin yaron da kansa zai ga ko ya canka daidai, babu buƙatar malami ya yanke hukunci. Ɗan'uwansa shi ne wasan "me ya ɓace", inda ake jera abubuwa biyar a faranti, yara su kalla su kira sunayensu, a rufe da ƙyalle, a zare ɗaya a ɓoye, sannan a buɗe su faɗi wanda babu. Ana ƙara yawan abubuwan a hankali gwargwadon ƙarfin yaran.

Idan an yi kwanaki ana waɗannan, lokacin rarrabawa ya yi. A ware kusurwowi huɗu na ɗakin, a manna wa kowace hoto: ɗaya na mutum, ɗaya na dabba, ɗaya na wuri, ɗaya na abu. A raba wa yara katuna masu hoto, likita da manomi, zaki da kyanwa, asibiti da daji, agogo da keke, sannan a tafa hannu kowa ya ruga kusurwar da katinsa ya dace da ita, ya ɗaga shi ya faɗi sunan. Lalle za a samu gardama. Wani zai kai hoton gida kusurwar wuri, wani ya ce gida abu ne tunda gina shi aka yi, kuma za a sami mai tambayar ko tsuntsu dabba ne. Kada a yi gaggawar kashe wannan gardama, domin yaron da ke kare ra'ayinsa a kan gida yana yin ainihin tunanin da ake so ya yi. A tambayi kowa dalilinsa, a karɓi duk dalilin da ya shiga hankali. Sai an gama, kowa na tsaye a kusurwarsa, malami zai ce musu duk waɗannan kalmomi da suka kira, na mutane da dabbobi da wurare da abubuwa, iyali ɗaya ne, kuma ana ce wa iyalin suna. A wannan lokaci ma'anar tana da inda za ta zauna a cikin kansu.

Mataki na gaba shi ne bambanta suna da aikatau, wato kalmar da ke nuna aikin da aka yi, kuma a nan akwai tarkon da ya kamata mai koyar da Hausa ya kiyaye. Tsarin wasan shi ne malami ya riƙa jefo kalmomi: idan suna ne yara su nuna abin ko su taɓa shi, idan aikatau ne su aikata. Da yawa sukan ɗauko kalmomi kamar tsalle, dariya, barci da magana a matsayin aikatau, tunda ana ganin motsi a cikinsu. To amma a nahawun Hausa waɗannan sunaye ne na aiki, shi ya sa muke cewa "ya yi tsalle" da "ta yi dariya", muna aro aikatau "yi" ya ɗauke su. Wanda ya koya wa yara cewa tsalle aikatau ne zai sha wahalar warwarewa nan da shekara biyu. A zaɓi aikatau na ainihi: zauna, tashi, buɗe, rufe, ɗaga, ajiye. A makarantun Montessori ana yi wa suna alama da baƙin zane mai kusurwa uku, aikatau kuma da jar da'ira, kuma ana iya yanka irinsu da kwali yara su riƙa ɗagawa idan wurin ya yi ƙunci da guje-guje.

Hausa ta ba mai koyarwa wata dama da ba kowane harshe ke da ita ba, wato "ne" da "ce". A ajiye kwanduna biyu, a ce ɗaya gidan "ne", ɗaya gidan "ce". Yaro ya ɗauki abu ya faɗa da babbar murya, "littafi ne", ko "hula ce", sannan ya jefa shi inda ya dace. Yaron da ya tashi da Hausa a bakinsa zai yi daidai mafi yawan lokuta ba tare da an ba shi wata ƙa'ida ba, kuma wannan ita ce ƙofar koyar da jinsi, namiji da tamata. Idan kwandon "ce" ya cika, a juye shi a sake kiran sunayen a hankali, a ga ko wani zai lura cewa kusan dukansu da wasalin "a" suka ƙare. Ranar da suka gano haka, a bar su su yi murna da ganowarsu. Washegari sai a kawo musu gida da ruwa da wata, waɗanda suka ƙare da "a" amma ake ce musu "ne", a kuma kawo mace, wadda ba ta ƙare da "a" ba amma "ce" take ɗauka. Yara kan ji daɗin irin waɗannan kalmomi masu ƙin bin layi, kuma ta haka suke koyon su dogara da kunnensu fiye da ƙarshen kalma.

Tilo da jam'i sun fi buƙatar haƙuri, domin Hausa tana da hanyoyi da yawa na yin jam'i: kujera ta zama kujeru, ƙofa ta zama ƙofofi, tsuntsu ya zama tsuntsaye, riga ta zama riguna, littafi ya zama littattafai. A zana katuna bibbiyu, ɗaya da abu guda, ɗaya da abubuwa uku irinsa, a raba, kowane yaro ya zagaya yana neman abokin katinsa, idan sun haɗu ɗaya ya ce "mota", ɗayan ya amsa "motoci". A shekarar 1958 masaniyar harshe Jean Berko ta nuna wa yara masu jin Ingilishi hoton wata halitta da ta ƙirƙira mai suna "wug", kuma da aka nuna musu guda biyu sai da yawansu suka ƙara wa kalmar alamar jam'i duk da ba su taɓa jin ta ba. Abin da wannan ya nuna shi ne yaro yana fitar da ƙa'ida da kansa yana ɗora ta a kan sababbin kalmomi. Don haka kada a yi mamaki idan yaron da ya san ƙofofi da motoci ya kalli hoton dawaki ya ce "dokoki", wanda kuwa jam'in doka ne. Tunaninsa yana kan hanya, kalmar ce ta bi wani layi dabam. Ba a yi masa dariya, ba a kuma tsayar da wasan, sai dai a mayar masa da daidai cikin jimla: "Ƙwarai, dawaki ne guda uku." A gabatar da kalmomi masu salon jam'i iri ɗaya a zama ɗaya, a bar masu rikitarwa su shigo ɗaya bayan ɗaya.

Ga 'yan shekara shida zuwa bakwai da suka fara karatu, ana iya rubuta sunaye a ƙananan takardu su zagaya suna manna wa taga da allo da tebur. Su ne kuma za su iya bambanta suna gama-gari da sunan yanka. A yi da'ira, mai riƙe da ƙwallo ya ce "yarinya" ya jefa, mai cafewa ya ce "Amina". A ce "ƙasa", a amsa "Masar". A ce "kogi", a amsa "Nilu". Idan aka rubuta amsoshin a allo, a yi wa harafin farko na sunan yanka wani launi dabam don su ga cewa da babban baƙi yake farawa. Sunaye irin su tsoro da haƙuri da farin ciki, waɗanda ba a taɓa su da hannu, a jinkirta su har sai waɗannan sun zauna, sannan a shigo da su ta wasan kwaikwayo da fuska, ɗaya ya nuna, sauran su canki abin da yake ji.

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a wasannin aji wadda nake ganin ya kamata a watsar, wato fitar da duk wanda ya yi kuskure har a bar gwani ɗaya. Wanda ya fara fita shi ne ya fi kowa buƙatar maimaici, sai ga shi zaune a gefe yana kallon waɗanda suka riga suka iya suna ƙara ƙwarewa. Gara wanda ya yi kuskure ya zama shi ne mai riƙe jaka ko mai jefo kalma a zagaye na gaba. Idan ajin yana da yawa, a kasa shi rukuni-rukuni na yara biyar ko shida, kowane rukuni da farantinsa, malami yana zagayawa. Yaro mai kunya kuma a bar shi ya daɗe a matakin nunawa da ɗaukowa, bakinsa zai buɗe idan ya sami natsuwa. Sannan a riƙa dawo da wasan jiya na minti biyu kafin a shiga na yau, domin maimaici da aka raba cikin kwanaki ya fi zama a ƙwaƙwalwa fiye da wanda aka cusa a zama ɗaya.

Idan ana son a gane ko darasin ya shiga, a faɗi gajeriyar jimla da yaron bai taɓa ji a cikin wasannin ba, kamar "Kyanwa ta hau tebur", a ba shi 'yan duwatsu ya ajiye ɗaya duk lokacin da ya ji suna. Idan ya ajiye biyu, a tambaye shi waɗanne kalmomi ne, sannan a ce ya cire kyanwa ya sa wata dabba, ya cire tebur ya sa wani abu. Idan ya ajiye uku saboda ya haɗa da "hau", a dawo da wasan nunawa da aikatawa na wasu 'yan kwanaki, a kuma saka "hau" da "sauka" cikin kalmomin da za a riƙa jefowa.