Yadda ake cin gurbin kwata-bak na biyu a ƙungiyar ƙwallon Amurka ta jami'a

Ranar 29 ga Satumba, 2018, jami'ar Clemson ta karɓi baƙuncin Syracuse. Kwanaki kaɗan kafin nan koci Dabo Swinney ya ɗora sabon ɗalibi Trevor Lawrence a matsayin kwata-bak na ɗaya, shi kuwa Kelly Bryant da aka sauke ya tattara nasa ya bar ƙungiyar. Ba a kai hutun rabin lokaci ba Lawrence ya ji rauni. Wanda ya rage shi ne Chase Brice, yaron da a makon da ya gabata shi ne na uku. Shi ya riƙe wasan har Clemson ta ci 27 da 23, kuma a ƙarshen kakar ta ɗauki kofin ƙasa ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba.

Kwata-bak shi ne wanda ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane hari, shi ke faɗa wa sauran goman dabarar da za a yi, shi ke jifa. Mutum ɗaya ne ke riƙe gurbin, ba a karɓa-karɓa kamar sauran gurabe. Na biyun nasa kamar mai tsaron gida na benci ne a ƙwallon ƙafa: yana iya shekara bai shiga ba, yana iya shiga a minti mafi zafi. Saboda haka abin da koci ke nema wurin na biyu shi ne amana. Ƙarfin hannu yana zuwa ne daga baya. Ga yadda ake gina amanar.

Mataki na farko: ka san lokacin da ake yanke hukunci

Gasar tana farawa tun hunturu, a ɗakin ɗaga ƙarfe, amma a wurare biyu ake auna ka sosai. Akwai atisayen bazara a watannin Maris da Afrilu, wanda NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta daɗe da ƙayyade shi a zama 15. Sai sansanin watan Agusta, gab da fara kaka. A ƙarshensa ake fitar da jadawalin da ke nuna na ɗaya, na biyu da na uku. Kada ka jira Agusta. Tun makon farko ka sami kocin 'yan jifa ka tambaye shi kai tsaye: Koci, me kake dubawa wajen zaɓen na biyu, kuma ina ne nake da rauni? Ka rubuta amsar a gabansa.

Mataki na biyu: ka haddace kundin dabaru har ya zauna a bakinka

Nan ne yawancin yara ke faɗuwa, kuma nan ne ya kamata ka fi kashe lokaci. Sanin inda za ka jefa ƙwallo bai isa ba. Dole ka san aikin kowa: hanyar da kowane mai cafka zai bi, wa zai tare wa a cikin ƙattai biyar ɗin da ke gabanka, da abin da za ka sauya idan abokan hamayya suka turo mutum shida maimakon huɗu. Kafin a miƙo maka ƙwallo idonka ya fara sauka kan masu tsaron can baya. Idan biyu ne a baya, tsakiyar fili a buɗe take. Idan ɗaya ne, gefe ne abin dubawa. Wannan karatun sai ya zama jiki, domin agogon fara hari daƙiƙa 40 ne kawai.

Tun daga 2024 manyan makarantu suna da damar sa rediyo a hular kwanon kwata-bak, koci ya riƙa magana da shi. Amma ana yanke layin idan agogon ya rage daƙiƙa 15. Daga nan kai kaɗai ne. Wanda ya dogara da muryar koci, a daidai wannan gaɓar ake gane shi.

Matsalar na biyu ita ce na ɗaya ke kwashe mafi yawan gwaji a atisaye, musamman da an shiga kaka. To me za ka yi? Ka tsaya yadi goma a bayansa. Da an kira dabara, ka maimaita ta a hankali da bakinka, ka taka ƙafarka yadda yake takawa, ka zaɓi wanda za ka jefa wa kafin shi ya jefa. Da daddare ka zauna da bidiyon atisayen, ka tsayar da shi kafin kowane jifa, ka ba kanka amsa. Ka riƙa furta sunayen dabarun da ƙarfi a ɗakinka, domin wasu dogaye ne, kuma ɗan wasan da harshensa ya sarƙe a tsakiyar da'irar abokan wasansa ya riga ya zubar da rabin kwarjininsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na uku: ka tsare ƙwallo

Ana ɗaukar kowane atisaye a bidiyo, ana kuma lissafa kowane jifa. A ganina, jifa ɗaya da abokan hamayya suka cafke ya fi yi maka ɓarna a kan alherin da kyawawan jifa biyar za su jawo maka. Dalili a fili yake. Ranar da za a kira ka, ƙungiyar tana cikin ruɗani, jagoranta yana kwance ana duba shi. Koci yana son wanda ba zai ƙara wa wutar fetur ba. Idan babu wanda ya kuɓuce, ka ba na kusa da kai ko ka jefar waje inda doka ta yarda, a sake lale.

Sai dai kada tsantseni ya koma tsoro. A wasan ƙarshe na kofin ƙasa ranar 8 ga Janairu, 2018 a Atlanta, Jojiya tana gaban Alabama da 13 da nema lokacin da kocin Alabama Nick Saban ya sako kwata-bak ɗinsa na biyu Tua Tagovailoa, ɗan ajin farko, bayan hutun rabin lokaci. A ƙarin lokaci ya riƙe ƙwallo fiye da kima har aka kayar da shi, aka yi asarar yadi 16. Kuskure ne babba. A hari na gaba ya kafe mai tsaron baya da ido a tsakiya, sannan ya juya hagu ya jefa wa DeVonta Smith daga yadi 41, wasa ya ƙare 26 da 23. Kociyoyi suna lura da abin da kake yi bayan kuskure. Idan aka cafke jifanka a atisaye, kada ka sunkuyar da kai, kada ka nuna mai cafka da yatsa. Ka dawo layi ka kira ta gaba da murya irin ta ɗazu.

Mataki na huɗu: idan aka tura ka rukunin kwaikwayo, ka yi shi da gaske

Na uku da na huɗu galibi su ke kwaikwayon kwata-bak ɗin ƙungiyar da za a haɗu da ita, domin masu tsaron ƙungiyarku su saba. Yara da yawa suna ɗaukar wannan wulaƙanci. Stetson Bennett ya shiga Jojiya a 2017 ba tare da tallafin karatu ba, kuma sunansa ya fara fitowa ne lokacin da ya kwaikwayi Baker Mayfield, kwata-bak ɗin Oklahoma, a shirin wasan Rose Bowl. Ya tafi wata ƙaramar kwaleji a Misisipi, ya dawo a 2019, ya karɓi ragama a 2021 bayan na ɗaya, JT Daniels, ya ji rauni, ya ci kofin ƙasa sau biyu a jere. A rukunin kwaikwayo kana fuskantar gwanayen masu tsaron ƙungiyarku kullum, kuma kocin tsaro yana da baki a taron kociyoyi.

Mataki na biyar: ka saba da ɗan tsakiya

Mutumin da ke miƙo ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa ya saba da hannun na ɗaya da muryarsa. Ka roƙe shi minti biyar bayan kowane atisaye. Ƙwallon da ta zube a miƙawar farko ita ce abin kunyar da ya fi saurin samun na biyu. Shi kuma na ɗaya, ka zama idonsa a bakin fili, ka faɗa masa abin da ka hango. Ɗakin taronku ƙarami ne, mai fatan wani ya karye ba ya ɓoyuwa a cikinsa.

Mataki na shida: ranar wasa

Hular kwanonka ta kasance a hannu, ka tsaya kusa da mai kiran dabaru, ka san yadi nawa ya rage a kowane hari. Ka riƙa ɗumama hannu lokaci-lokaci, musamman a sanyin Nuwamba. A dokar jami'o'i, idan hular ɗan wasa ta cire ana cikin hari, yawanci sai ya fita na hari ɗaya, don haka ana iya kiran ka ba tare da kowa ya ji rauni ba. Haka nan mintunan ƙarshe na wasan da aka riga aka yi nisa da ci, kada ka raina su. Su ne kaɗai bidiyon wasa na gaske da za a auna ka da shi.

Kuma kada ka ɗauka na uku ya tsira daga wannan shiri. A 2014 Braxton Miller, kwata-bak na ɗaya na jami'ar jihar Ohayo, ya ji rauni a kafaɗa a Agusta, na biyu J.T. Barrett ya karye a idon sawu a wasan Mishigan. Na uku, Cardale Jones, ya fara wasansa na farko a matsayin na ɗaya a wasan ƙarshe na gasar Big Ten, suka lallasa Wisconsin 59 da nema, suka doke Alabama, suka doke Oregon 42 da 20, suka ɗauki kofi.

Mataki na bakwai: zama ko tafiya

Wannan ita ce tambaya mafi nauyi a yau. Tun Oktoban 2018 akwai rajistar masu neman sauya makaranta, tun Yulin 2021 kuma 'yan wasa suna iya samun kuɗi da sunansu, don haka masu zuga ka ka tafi ba za su yi kaɗan ba. Dokar da aka kawo a 2018 ta ba ɗan wasa damar buga wasa huɗu ba tare da shekarar ta shiga lissafin shekarun da aka yarje masa ya buga ba, ita ce ma Kelly Bryant ya yi amfani da ita. Dokokin nan suna yawan canzawa, ka zauna da jami'in da ke kula da su a makarantarku kafin ka taka fili a wasa na biyar.

Kafin ka sa sunanka a rajistar, ka amsa wa kanka tambaya uku: shekara nawa ta rage wa na ɗaya, wa suka ɗauko a bayanka, kuma saura nawa ka gama digiri? Jalen Hurts, wanda aka cire domin Tua, ya zauna a Alabama kaka guda yana na biyu, duk da surutun da ake ta yi cewa ya tafi. Ranar 1 ga Disamba, 2018, a filin nan na Atlanta, da Jojiyar dai, Tua ya ji rauni a zangon ƙarshe. Hurts ya shigo ana bin su, ya jefa ɗaya aka ci, ya ruga da ɗaya da ƙafarsa, suka yi nasara 35 da 28. A watan ya karɓi digirinsa, sannan ya koma Oklahoma a 2019, inda ya zo na biyu a zaɓen kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, bayan Joe Burrow.