Yadda ake kwatanta jan baki da kaɗanya ta wajen dangi da halin da suke ciki

In za ka kwatanta tsuntsu da tsiro mai fure, ba sai ka je nesa ba. Ɗauki jan baki, mai hana manoman shinkafa na bakin kogin Isa sakat a nan Yamai, ka haɗa shi da kaɗanya, uwar man kaɗe.

Da farko nemo sunan kimiyya, don da shi ake bincike a intanet. Jan baki shi ne Quelea quelea, kaɗanya kuwa Vitellaria paradoxa.

Sai ka ja layi a tsakiyar takarda, kowa da ɓangarensa, ka sauko daga babban rukuni zuwa ƙarami. Tun a matakin farko suka rabu: wannan dabba, waccan tsiro. Jan baki yana cikin Passeriformes, rukunin tsuntsaye masu waƙa, dangin Ploceidae masu saƙa sheƙa da ciyawa. Kaɗanya tana cikin Ericales, dangin Sapotaceae. A nan ka tsaya ka ƙirga 'yan'uwa. Zuriyar Quelea tana da iri 3, amma kaɗanya ita kaɗai ce a zuriyar Vitellaria. In ta ƙare, gidan ya mutu ke nan.

Na uku, buɗe Jan Kundin UICN, ƙungiyar duniya mai kare halittu, kundin da ke nuna haɗarin ƙarewar kowane iri, wanda aka fara a 1964, ka sa kowane suna. Jan baki zai fito da LC, wato babu fargaba a kansa. Duk da feshin da ake yi masa, babu tsuntsun daji da ya kai shi yawa a duniya. Kaɗanya za ta fito da VU, tana cikin haɗari.

Kada ka tsaya a haruffan, nemi dalili, don nan ne aikin yake. Jan baki yana ƙyanƙyashe ƙwai cikin kwana 10 ko kusa da haka. Kaɗanya takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, mai gawayi kuwa ya kayar da ita a wuni guda. Wanda ya je wajen Gaya ya duba gonaki da kyau: manyan itatuwa na tsaye, ƙanana masu tasowa fa? Abin da ya fi damuna ke nan.

Daga ƙarshe rubuta shekarar da aka yi kimar kusa da kowane harafi, don ana sake duba matsayin, kuma hukuncin na duniya baki ɗaya ne, ba na Nijar kaɗai ba.