Babi na 7: Zana Gashin Zabuwa a Kwamfuta

Kafin a kunna kwamfuta, kowa ya samo gashin zabuwa guda ɗaya ya ajiye kusa da shi. Wanda bai samu ba ya kawo na kaza ko na tattabara, amma na zabuwa muka fi so. Kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta, kuma wannan zanen ne za mu koyi fitarwa.

Ku ɗauke shi ku duba da kyau. Akwai kara a tsakiya, mai kauri a gindi, yana sirancewa har tsini. Daga jikin karan siraran zare ne suka fito dama da hagu, kuma ba a miƙe suka nufi gefe ba, sun karkata suna kallon sama. Ku shafa shi da yatsa daga sama zuwa ƙasa, za ku ga ya dare. Ku shafa daga ƙasa zuwa sama, ya sake haɗewa. Can gindi kuma akwai wani buzu-buzu mai laushi kamar auduga.

Manhajar da za mu yi aiki da ita sunanta GIMP. Kyauta ce, ba a biyan ko kobo. Wasu ɗalibai biyu ne a jami'ar Berkeley ta Amurka suka fara ƙirƙirar ta a 1995. Rubutun cikinta na Turanci ne, amma kada wannan ya tsorata ku. Duk kalmar da kuke bukata zan rubuta muku ita yadda take a fuskar kwamfuta, ku dinga kwatanta haruffan ɗaya bayan ɗaya.

Darasi na 1: Buɗe farar takarda

Ku buɗe GIMP. Ku nemi maɓallin da aka rubuta wa Ctrl. Yana can ƙasa, a kusurwar hagu ta allon madannai. Ku danne shi da ɗan yatsan hagu, kada ku saki, sannan ku taɓa harafin N sau ɗaya da hannun dama. Yanzu ku saki duka biyun. Wani ƙaramin akwati zai bayyana. A gurbin sama ku rubuta 800, faɗin takardar ke nan. A gurbin ƙasa ku rubuta 1200, tsawonta ke nan. Ku kai kibiyar linzami kan OK, ku danna maɓallin hagu na linzamin sau ɗaya. Farar takarda ta fito a tsakiya. Madalla.

Idan hannu ya kuskure a ko'ina, ku danne Ctrl ku taɓa Z, kuskuren zai koma kamar ba a yi ba. Babu abin da za ku lalata a nan, ku saki jikinku.

Darasi na 2: Falle

Wannan darasin shi ne ƙashin bayan babin nan, kuma a nan na ga mutane sun fi tuntuɓe. Don haka za mu daɗe a kansa.

Ku ɗauka kuna da farar takarda a kan tebur, sai kuka ɗora mata farar leda wadda ake ganin abin da ke ƙarƙashinta. Kuka yi zane a kan ledar. Idan zanen bai yi ba, ledar kawai za ku goge, takardar na nan fes. Wannan ledar ita muke kira falle, a kwamfuta kuma an rubuta Layer. Kowane sashe na gashin nan da fallensa: kara daban, jiki daban, zare daban, ɗige daban.

Ku danne Ctrl da Shift tare, Shift yana saman Ctrl, sannan ku taɓa N. Akwati zai fito. A gurbin farko ku goge abin da ke ciki ku rubuta kara. Ku danna OK.

Za ku ce ba abin da ya faru. Haka ne, takardar ba za ta canza ba, tunda ledar ba ta da launi. Ku kai idonku gefen dama na allo, daga ƙasa. Za ku ga layi biyu: ɗaya an rubuta kara, ɗaya an rubuta Background, wato farar takardar. Ɗaya daga cikinsu launinsa ya bambanta da ɗayan. Wanda ya bambanta ɗin nan, a kansa kuke. Duk abin da kuka zana, kansa zai hau.

Bari in sake faɗa. Kwamfuta ba ta san abin da ke ranku ba. Layin da ya bambanta a gefen dama, nan za ta zuba zanenku. Saboda haka kafin ku taɓa takarda, ku dubi dama ku karanta sunan fallen. Idan ba shi ba ne, ku danna kan sunan wanda kuke so.

Yanzu ku gwada. Ku danna Background, ku ga launin ya koma kansa. Ku danna kara, ku ga ya dawo. Ku yi haka sau goma. Na san wani zai ce ya gane tun a karo na biyu. A yi goman dai. Akwai wani dattijo a ajinmu, tela ne, hannunsa ya fi na kowa daidaito. Ya shafe kusan awa ɗaya yana jera zare ɗaya bayan ɗaya, gwanin kyau, ashe duk a kan fallen kara yake yi. Da ya zo gyara gefe ɗaya, magogi ya cinye zaren ya haɗa da karan. Ya cire hularsa ya ajiye a cinya, ya yi shiru. Ba laifin hannunsa ba ne, dama ce kawai bai duba ba. Washegari ya sake daga farko, kuma nasa ne ya fi na kowa.

Darasi na 3: Kara da jiki

Ku dubi dama. Kara ne ya bambanta? To.

Ku taɓa harafin P, buroshi ke nan. A gefen hagu akwai murabba'i biyu, ɗaya ya hau kan ɗaya. Ku danna na saman, ku zaɓi ruwan toka mai haske, ku danna OK. A ƙasansu ku nemi Size, girman bakin buroshi ke nan, ku sa 10.

Ku danna sau ɗaya a ƙasan takarda. Ku danne Shift, ku matsa sama kaɗan, ku sake dannawa. Layi zai haɗa wuraren biyu da kansa, ba sai kun ja ba. Ku ci gaba da hawa gaɓa-gaɓa kuna ɗan karkatawa dama, domin gashin da ke hannunku ba a miƙe yake kamar sanda ba. Da kun kai rabi ku rage Size zuwa 6, kusa da tsini ku mai da shi 3.

Yanzu jiki. Sabon falle kullum a saman wanda kuke kai yake sauka. Mu kuwa muna son jiki ya zauna a ƙarƙashin kara. Don haka ku fara danna Background. Ku duba, ya bambanta? Sannan Ctrl da Shift da N, ku rubuta jiki, OK. Ku karanta daga sama: kara, jiki, Background. Idan naku ba haka ya jeru ba, Ctrl da Z, ku sake. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku zaɓi toka mai duhu, kusan baƙi. Size 40. Ku dubi dama, jiki ne? Ku cike gefe biyu na karan, faɗi a tsakiya, tsukewa a sama. Ku bar gindin karan tsirara, kamar yadda yake a na hannunku.

Ku danne Ctrl ku taɓa S, ku rubuta suna, ku danna Save. Wuta ba ta sallama kafin ta tafi.

Darasi na 4: Zare

Ku danna jiki, ku yi sabon falle, sunansa zare. Ku karanta: kara, zare, jiki, Background.

Toka mai ɗan haske, Size 2. Ku fara daga jikin kara ku ja zuwa baki, a karkace, yana kallon sama. Kullum daga kara zuwa waje. Ana bukatar da yawa, ɗari ko fiye a kowane gefe. Ku sake zaɓar baƙi ku ratsa wasu a tsakaninsu.

A nan dole in yi magana. Kowane zango sai na sami masu tsallake Darasi na 2 don suna ɗokin ganin hoto, sannan su ɗaga hannu su ce, Malam, kwamfutar ta lalace. Ba ta lalace ba. Na faɗa a aji, na rubuta a allo, na rubuta a nan. Mutum mai iyali, wanda ba ya fita gida sai ya duba ya kulle ƙofa, bai kamata duba suna ɗaya ya gagare shi ba. Wanda ya zana zare a kan jiki, ba zan gyara masa ba, zai sake ne. Ku dubi dama.

Don tsagar gashi, ku danna jiki, ku danne Shift ku taɓa E, magogi ke nan. Ku yanke siririyar tsaga biyu ko uku daga baki zuwa ciki, a bin karkatar zaren. Ku danna zare ku goge daidai wurin.

Don buzu-buzun gindi, ku danna jiki, ku taɓa harafin S kaɗai, ba tare da Ctrl ba. Wannan yana jan launi kamar yatsa a kan ɗanyen fenti. Ku ja daga ciki zuwa waje, gajere-gajere, ta ko'ina.

Darasi na 5: Ɗige

Ku danna zare, sabon falle, sunansa ɗige. Ku taɓa P ku koma buroshi. Fari, Size 18. Ku ɗiga kuna kallon gashin da ke hannunku, kada ku jera su kamar layin shuka. Ku taɓa S ku ɗan ja kowanne a bin zare. Ku dubi dama tukuna.

Darasi na 6: Inuwa

Ku danna jiki. A sama ku shiga Filters, sai Light and Shadow, sai Drop Shadow, sai OK.

Darasi na 7: Fitar da hoto

Abin da kuka adana da Ctrl da S, sunansa yana ƙarewa da xcf, kuma waya ba za ta nuna shi a matsayin hoto ba. Ku danne Ctrl da Shift ku taɓa E. Ku rubuta zabuwa.png, ku danna Export, akwati na biyu ya fito ku sake danna Export.

Aikin gida: gashin kaza, falle huɗu. A kawo ranar Asabar.