Jakar laftof ta ratayawa: duba gindinta kafin ka biya

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu hawa tirotiro (ƙananan bas na haya) daga Nima ko Madina zuwa wurin aiki a birnin Accra, ga 'yar shawara. In za ka sayi jakar laftof ta ratayawa a kafaɗa, fara auna kwamfutarka, inci 14 ce ko 15.6, domin in aljihun ya yi mata yawa sai ta riƙa kai da kawowa a ciki.

Sannan sa hannu ka taɓa gindin aljihun. Lallai ya kasance da soso, kuma kada ya kai ƙasan jakar. Yawancinmu gefe kawai muke dubawa, alhali a gindi take buguwa idan ka dire ta ko mota ta faɗa rami. Ni haka kusurwar tawa ta tsage.

Igiyar ta zama mai faɗi, maɗaurinta na ƙarfe. Zif kuwa ya kasance a ƙarƙashin marfi, saboda ruwan watan Yuni da masu dogon hannu a cunkoson Circle, babbar mahadar motoci ta Accra. A kasuwar Kantamanto ana samun na hannu masu ƙwari, amma ja zif ɗin sau biyar tukuna. A cikin mota, juyo ta gabanka, ka ɗora a cinya.